Abin da ya ramar da Zulai

Zulai ta rasu.

Da safiyar nan labarin ya iske ni, ina tsaye a bakin get da makullin mota a hannu. Wata maƙwabciyarsu ce ta kira. Sai da ta maimaita sannan na gane wadda take nufi, duk da Zulai ɗaya gare ni a duniya.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

An yi jana'iza kafin azahar. Ban yi niyyar rubuta komai yau ba. Amma tun maza ba su dawo daga maƙabarta ba na fara ganin hotonta a status ɗin mutane. Wata ta rubuta "Allah Ya saka miki" a ƙasa. Wata ta rubuta "wasu mazan sai dai a bar su da Allah". Akwai wadda rabonta da Zulai tun ranar kai amarya, ita ce ta fi kowa dogon rubutu.

Tunda kowa ya riga ya san abin da ya faru, bari ni ma in faɗi ɗan abin da na gani.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Zulai ƙawata ce tun sakandare. 'Yar unguwar Shahuci ce a cikin Kano, auta a ɗakin Hajiya Yalwa. Aure ya kai ta Jakara, gidan Malam Habu, baduku ne mai shagon jaka da takalmi a bakin kasuwar Kurmi. 'Yarsu ɗaya, Ummi, tana firamare. Sunan Hajiya aka sa mata.

Ranar da aka kai ni makarantar kwana ina ta kuka, Zulai ce ta ja akwatina ta tura ƙarƙashin gado, ta ce in ba zan daina ba in matsa can, ina jiƙa mata katifa. Daga nan muka ƙulla.

Da na yi haihuwar fari aka yi min aiki, kullum sai ta taso daga Jakara har Kabuga da fulas ɗin farfesu. Ta tsare ni sai na shanye, ta wanke fulas ɗinta ta tafi.

Da mahaifina ya rasu ban gan ta a ɗakin makoki ba. A bayan gida na same ta wajen tukwane, ta ɗaure ƙugu, tana ba masu girki umarni kamar gidan ubanta.

Atamfa da leshi take sayarwa a gida. Ita kaɗai na sani da za ki ɗauki kaya ta ce, "Ajiye wannan, wanki biyu zai zuba." Kuma nata ne.

Zulai mai jiki ce tun muna yara. Ta kuma ƙware wajen riga kowa yi wa kanta dariya, don kada wani ya riga ta. In mai adaidaita sahu ya tsaya yana kallonta yana kallon tayarsa, takan ce masa ya kwantar da hankalinsa, a tsakiya za ta zauna. In mun shiga wani matsattsen lungu ta ce in wuce gaba in duba mata ko za a yi sulhu da bangon.

Mutane na dariya, ita ma tana yi. Ni dai nakan kalli fuskarta bayan dariyar ta ƙare.

Bayan haihuwar Ummi abin ya wuce wasa. Suga ya shigo, hawan jini ya biyo shi, gwiwoyi suka ƙi. Ta koma sallah a kan kujera tun ba ta kai shekarun da ake yi wa mutum uzuri ba.

Daga nan aka shiga zamanin rage ƙiba. Babu abin da Zulai ba ta gwada ba. Shayin da ake cewa yana narkar da kitse, wanda ni dai ban ga abin da ya narkar ba sai zamanta a falo, don a banɗaki take wuni. Ɗamarar roba. Ruwan lemon tsami da citta kafin a karya. Wani gari a roba da wata mai sayarwa ta rantse daga Jamus ya zo, rubutun jikinsa kuwa ko a kasuwar Kwari ba za a yi irin kuskurensa ba. Ta yi rajistar gym, wajen motsa jiki na mata, ta je har sai da gwiwa ta kumbura.

Ni ban taɓa yarda da ko ɗaya daga cikin masu sayar mata da kayan nan ba. Duk wadda za ta ce miki a sati biyu za ki koma kamar budurwa, amma ita ba ta taɓa sa hotonta tsaye ba sai daga wuya zuwa sama, ai da abin dubawa.

Riba ɗaya da Zulai ta ci ita ce ilimi. Ta haddace kalmomin nan kaf, kuma ta iya bayaninsu fiye da masu su.

Ita ta ce min kalori kamar fetur ne a cikin abinci. Wanda kika ƙona ya tafi, wanda ba ki ƙona ba jiki ya zuba a jarka ya ajiye miki a cinya, ko za a yi wahalar mai.

BMI kuma, in ji ta, a haɗa nauyinki da tsayinki a buga lissafi, a fito da lamba ɗaya wadda za ta zage ki da Turanci.

Carbs su ne duk abin da ke da daɗi a Kano: tuwo, gurasa, waina, taliya, alkaki. Furotin shi ne nama da ƙwai da kifi da wake da awara, wato abin da ake ɗora miki kaɗan a saman carbs ɗin don kada ki yi fushi. Portion control kuwa shi ne ki ci a sosar shayi kina kallon mutanen gida suna ci a faranti.

Na tambaye ta cheat day fa? Ta ce wannan ranar da aka yarda ki karya doka ce, sau ɗaya a sati, amma wanda ya ƙirƙiro ta bai san yawan bikin da ake yi a cikin gari ba.

Bara ta tafi Umara.

Ta dawo da dabino da zamzam, ta kawo min darduma. Umarar ta yi ta, wannan ba ƙarya ba ce. Na dai lura tafiyar ta ɗan fi ta sauran mutane tsawo, kuma da ta dawo babu abin da take sha sai romo da kunu tsararo. Ta ce murar Saudiyya ce ta kama mata maƙogwaro.

Sai jiki ya fara zubewa.

Da farko yabo aka yi ta yi. Ma sha Allah, Zulai, me kike sha, ki ba mu sirrin. Da ramar ta wuce inda aka saba gani, yabon ya koma raɗa.

Kun san garinmu. In matar aure ta rame, bayani uku ne: ko miji ba ya riƙe ta, ko ciwon da ba a faɗar sunansa, ko an sa mata hannu. Duka ukun kuwa akan gama yanke hukunci ba a tambayi mai jikin ba. Na Zulai an haɗa mata duka, aka ɗora wa Malam Habu, mutumin da in kin gaishe shi sai kin kasa kunne kafin ki ji amsarsa.

Matsalarta babba ita ce gidan taro. A nan ba a cewa na ƙoshi. In an ajiye miki kwano kika ci loma uku kika janye hannu, kin zagi mai gida da mai girki da uwar amarya. Sai Zulai ta samo mafita. Ko ina aka kawo abinci ta ce tana azumi.

Litinin da Alhamis. Azumin tsakiyar wata. Bashin watan Ramadan da ba ya ƙarewa. Har wasu tsofaffi suka fara cewa Umara ta karɓi yarinyar nan, a dinga sa ta addu'a.

A wani suna a Shahuci asirin ya kusa tonuwa. Ranar Juma'a ce. Aka ajiye mata waina da miyar taushe, ta ce tana azumi. Wata tsohuwa da ke gefe ta tambaye ta ko ta yi na jiya. Ta ce a'a. Ko za ta yi na gobe? Zulai ta tsaya lissafi. Tsohuwar ta ce ita dai a iya karatunta ba a ware Juma'a ita kaɗai da azumin nafila. Zulai ta ce na bashi ne. Aka bar maganar.

Ni ban bar ta ba. Don jim kaɗan na shiga ƙuryar ɗaki neman mayafina, na tarar da mai azumi ta juya baya tana shan yogot da ƙaramin cokali.

Dama na daɗe ina tara abubuwa. Ba ta shan ruwa tare da abinci, sai ta jira. Loma ɗaya takan tauna ta kamar mai neman tsakuwa. Gashinta na gaba ya ja baya a ƙarƙashin ɗankwali. A jakarta akwai robobin magani da aka ɓare takardar jikinsu tas.

Ganina da ita na ƙarshe a Jakara ne, wata la'asar, bayan sunan nan. Malam Habu yana kasuwa, Ummi tana Islamiyya. Ko zama ban gama yi ba na ce, "Zulai, wace ƙasa kika biya kafin ki isa Makka?"

Ta kalle ni, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Shegiya Bilki. Wallahi da a gidanmu kike da tuni na shiga uku."

Ta ɗaga rigarta ta nuna min. Tabo ne ƙanana a warwatse a cikinta, kowanne bai fi tsawon gaɓar yatsa ba.

Aikin rage ƙiba aka yi mata. Ta ce iri-iri ne. Nata sleeve ake ce masa, a yanke mafi yawan tumbin a cire, a bar miki siriri kamar ayaba. Akwai bypass, shi kuma a ware ɗan aljihu a saman tumbin a jona shi da hanji, abinci ya dinga tsallake wani sashe. Ta ce yanzu loma kaɗan ke cika ta, in ta ƙara sai amai. In ta sha abu mai zaƙi ko mai maiƙo da yawa, zuciya ta dinga bugu, gumi ya keto, jiri ya ɗebe ta. Wannan shi ake kira dumping. Robobin jakarta kuma bitamin ne da na ƙarin jini, an ce har ƙarshen rayuwa za ta sha, don abin da take ci ba zai ishi jiki ba. Ta ɓare takardun ne saboda an rubuta sunan aikin a jiki, kuma yayarta Hadiza ta iya karatu.

Na tambaye ta wa ya haɗa mata tafiyar. Wata mata ce a Instagram, mai kai mutane rukuni-rukuni. Na ce likitan da zai dinga duba ta bayan aiki fa, da masanin abinci, da gwajin jini? Ta ce an yi alkawarin duk wannan ta waya. Tun da ta dawo, in ta tura saƙo sai a turo mata hoton zuciya da hannun addu'a.

Na ce to ta ga likita a nan. Ta ce wane asibiti za ta je a garin nan da babu 'yar unguwarsu a ciki? Kafin ta karɓi kati labari ya isa Shahuci. Na ba ta sunan wata likita a can wajen gari wadda ba ta san kowa a cikin badala ba. Ta ce in sha Allah.

Na san irin wannan in sha Allah ɗin.

Na ce me ya sa ake ɓoyon? Ta ce Hajiya za ta ce ta raina halittar Allah ta kai kanta an yanka. Dangi za su ce gayu ne ya kai ta. 'Yan unguwa kuma za su samu sabon abin dariya, a ce Zulai ta kasa riƙe bakinta sai da aka ɗinke mata ciki. Ta ce ta gaji da zama abin labari. Malam Habu kaɗai ya sani, shi ma sai da ta sa shi ya rantse.

Sai ta tashi ta shimfiɗa darduma, ba lokacin sallah ba, ta durƙusa ta kai goshinta ƙasa ta ɗago.

Ta ce, "Kin gani? Tun Ummi tana goye rabona da wannan."

Duk tambayoyin da na zo da su na mayar da su jaka.

Da zan tafi ta juye min wata ƙatuwar kula ta dambu da Hajiya ta aiko mata, ta ce in kai wa yara, kular dai in dawo da ita a wanke. A soro ta riƙe hannuna ta ce, "Ni zan gaya wa Hajiya da bakina. Bari jikin ya tsaya tukuna."

Bayan nan a waya muke gaisawa. In na ce yaya jiki ta ce da sauƙi, ɗan zazzaɓi ne. Ba ta taɓa ce min ta bar Jakara ba.

Sauran labarin yau na ji shi, a gidan makoki.

Makonnin baya Hajiya ta je Jakara da kanta ta ɗauko 'yarta. Ta ce wa surukinta in shi ba zai iya ciyar da ita ba, ita da ta haife ta za ta iya. Ya bar su suka tafi.

A Shahuci babu zancen azumi, don Hajiya na gani daga asuba zuwa magariba. Ta dama fura da nono ta zuba suga, ta zauna a gabanta sai ta shanye. Kunun gyaɗa. Tuwo da man shanu. Zulai ta ci don kada ran uwarta ya ɓaci, ta zaga ta amayar. Da aka ga aman ya ƙi tsayawa sai aka ƙara tabbata hannu ne. Aka shiga jiƙe-jiƙe da hayaƙi.

Malam Habu ya kawo mata robobin maganinta a cikin leda. Yaya Hadiza ta buɗe ta ga ƙwayoyi babu suna babu takarda, daga hannun mutumin da dama ake zargi. Ta zubar da su a kwata. Daga ranar aka ce iyakarsa soro.

Ya roƙi Zulai ta waya ta sake shi daga rantsuwar. Kullum ta ce gobe.

Ƙafafunta suka fara mutuwa. Ta fara magana tana mantawa. Jiya aka kai ta wani ƙaramin asibiti aka sa mata ruwa, babu wanda ya ce wa likita an taɓa yi mata aiki, don babu wanda ya sani a cikin waɗanda suka kai ta. Sai daga baya aka sanar da mijin. Yana zuwa ya ja likitan gefe ya gaya masa. Likitan ya ce a shirya mayar da ita babban asibiti. Ba a kai ga haka ba.

Ban san abin da ya kashe Zulai ba. Ni ba likita ba ce, kuma a nan ba a binciken gawa, a ce kwana ya ƙare a tafi. Kwanan ya ƙare, na yarda. Amma duk mai cewa ya san dalili, ku tambaye shi a ina ya sani.

Da na shiga ɗakin mata yau, Yaya Hadiza ce ke da magana. Tana ba kowace mai gaisuwa labarin ƙwayoyin. An riga an aika Jakara an kwaso kayan Ummi. Na san riƙon marainiya a hannun kaka ba baƙon abu ba ne, hakkinta ne ma. Amma abin da ake faɗa ya wuce riƙo. Cewa ake yi mutumin nan ba zai sake sa yarinyar a idonsa ba, kuma in ta girma za a gaya mata.

Ba sai ta girma ba. Tana zaune a bakin gado da hijabinta na Islamiyya, tana jin komai.

Da na fito tsakar gida ta biyo ni, ta kama gefen mayafina. A hankali ta ce, "Anti Bilki, wai Abbana ne?"

Na ce ta jira ni.

Na aika aka kira min Malam Habu daga tabarmar maza zuwa soro. Ya shigo kansa a ƙasa. Na yi masa gaisuwa, sannan na ce na san komai, Zulai ta nuna min, ya kamata ya yi magana.

Ya ce, "Na rantse mata, Malama."

Na ce ni ban rantse ba.

Ya girgiza kai. Sannan ya ce ba rantsuwar kaɗai ba ce. "In Hajiya ta ji, za ta ce abincinta ne. Tsohuwa ce. Gara ni a ce ni ne, zan iya ɗauka."

Na ce shi zai iya. Ummi fa? Na gaya masa abin da ta tambaye ni.

Ya juya ya fuskanci bango. Na ba shi lokaci. Da ya juyo bai ce in je wajen Hajiya ba, bai ce kada in je ba. Ya dai matsa daga bakin ƙofar.

Na samu Hajiya a ƙuryar ɗakinta da carbi. Na roƙi a ba mu wuri, na ce Yaya Hadiza ta tsaya. Na faɗa musu duka, yadda na faɗa muku, ban rage ba sai zancen furar.

Yaya Hadiza ta ce ƙarya ce, an haɗa baki da ni, dama 'yan boko ba sa rasa Turancin da za su wanke mutum da shi. Na tambaye ta ko tana cikin waɗanda suka yi wa Zulai wanka da safe. Ta ce tana ciki. Na ce me ta gani a cikinta?

Ta ce ta ɗauka tsaga ce ta wani mai magani.

Ta zame ta zauna a ƙasa.

Hajiya ba ta yi kuka ba. Carbin ne kawai ya tsaya a hannunta. Ta ce, "Ashe ba ƙin abincina Auta take yi ba."

Na ce a'a, Hajiya.

Ta ce, "Furar nan da nake tsare ta da ita. Ni ce?"

Abin da na tsallake, ita ta je ta same shi da kanta. Na ce, "Ban sani ba, Hajiya, kuma babu wanda ya sani. Kin ga 'yarki na ramewa kin ba ta abinci. Abin da aka ɓoye miki ba za a tambaye ki shi ba."

Na yunƙura zan tashi. Sai ta ɗaga murya kaɗan ta ce a kira mata takwara. Ummi ta shigo ta tsaya a bakin labule.

Hajiya ta ce, "Je ki soro, ubanki na can shi kaɗai. Ki zauna kusa da shi. Bai yi wa uwarki komai ba sai alheri."

Yarinyar ta fita da gudu, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Ni kuma Hajiya ta ce in rubuta a wayar tamu, tunda a can aka fara ci masa mutunci. Malam Habu ya ce in Hajiya ta yarda shi ba shi da ta cewa. Da izininsu nake wannan rubutun. Zulai ta ce ita za ta faɗa da bakinta, Allah bai ba ta lokaci ba.

Masu status, kun san kanku. A goge, kuma ba laifi in an bi ta bakin Kurmi an ba mutum haƙuri.

Wadda ta yi irin aikin nan tana ɓoyewa, na san kuna da yawa fiye da yadda ake zato, don ba Zulai kaɗai na gani tana azumin Juma'a ba. Ban ce ki sanar da unguwa ba. Ki gaya wa wadda ke dafa miki abinci, ki gaya wa duk likitan da zai taɓa ki tun kafin ya taɓa ki, ki sha magungunanki, ki je a duba jininki. Aikin ba abin kunya ba ne, magani ne, kuma ba a gama shi ranar da aka sallame ki.

Ke kuma mai kai mutane, ɗazu na leƙa shafinki. Na ga sabon talla, hoton da da na yanzu, an rufe fuskar da fure. Na gane atamfar, tare da Zulai muka zaɓe ta. Saƙonninta na nan a wayarta, da amsoshinki. Ban ce ke kika yi komai ba. Ina dai kallo.

Ya Allah, ga Zulaihatu ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa wahalar da ta sha ta zama kankarar zunubi. Ka karɓi Umararta da sallolinta, na zaune da na tsaye. Ka sanyaya zuciyar Hajiya, Ka cire mata tambayar da ba ta da amsa. Ka yafe wa Yaya Hadiza, don ƙauna ce ta sa ta. Ka saka wa Malam Habu da alheri, Ka raya Ummi a kan sanin waye ubanta.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka tambaye ni ƙarin bayani a comment ko a inbox, babu sauran. Ka ɗaga hannu ka roƙa mata rahama, ko a zuci ne, ka sa iyayenka da naka mamatan a ciki.

Allah Ya jiƙan Zulai. Mu kuma Ya kyautata namu zuwan.